Wanda Ya Riga Ya Ce Fas

Yanzu ba a cewa "fas" da baki a teburin birij. Ɗan koren kati ake zarowa daga akwatin roba da ke gefen kowane ɗan wasa, a ajiye shi a gaba, shi ke nan an yi magana. Wanda ya leƙa kulob ɗin birij a Toronto ko Landan a yau zai tarar da ɗaki cike da mutane, amma ba abin da zai ji sai motsin karta da tarin tsofaffi. A intanet kuwa ko katin babu, maɓalli ake latsawa. Abin ya shigo a hankali har ban kula ba, sai ranar da wani matashi da ya fi ni iya wasan nesa ba kusa ba ya faɗa mini cewa tun da ya fara koyo bai taɓa yin tayi da murya ba.

Ga wanda bai san wasan ba, birij karta ce ta mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Kati 52 ne, kowa ya samu 13. Dangin katin huɗu ne: ♠ baƙi mai kama da kan mashi, ♥ ja mai siffar zuciya, ♦ ja mai kusurwa huɗu, sai ♣ baƙi mai ganye uku. Kafin a jefa ko da kati ɗaya sai an yi ciniki. In layi ya zo kanka, ko ka yi tayi ko ka ce fas. Tayi alkawari ne. Wanda ya ce 1♠ yana nufin shi da abokinsa za su ci zagaye bakwai cikin 13 in aka ba ♠ sarauta a kan sauran dangi. 2♠ zagaye takwas ne, 3♠ tara, 4♠ goma, kuma a nan ne babban lada yake. Wanda tayinsa ya fi na kowa shi ya ɗauki kwangila. In ya cika ya kwashi maki, in ya gaza a ci shi tara. Wahalar ita ce ba ka ganin katin abokinka, kuma doka ta hana ka sanar da shi komai sai ta hanyar tayi. Tayi 35 ne kacal, sai fas, da ninki, da ninkin ninki. Da waɗannan 38 za ka kwatanta hannun da zai iya zuwa maka ta siffa fiye da biliyan 635.

Attajirin Amurka Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin makin wasan a 1925, a cikin jirgin ruwa mai suna Finland, a tafiyar da ta ratsa mashigin Panama. Ely Culbertson ya mai da shi abin yayi, har karawar da ya yi da Sidney Lenz daga ƙarshen 1931 zuwa farkon 1932 ta riƙa fitowa a shafin farko na jaridu. Daga baya Charles Goren ya sauƙaƙa wa talakan ɗan wasa lissafi: As maki 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1. Maki 40 ke cikin karta duka. Mai 13 ya buɗe ciniki, in kuma ku biyu kun haɗa 26 ku nemi babban lada. A 1958 hoton Goren ya fito a bangon mujallar Time, don a lokacin kusan kowane gida mai ɗan hali a Amurka yana da teburin karta mai naɗewa a bayan ƙofa.

Ni a Toronto na koya, lokacin da nake ɗalibi a shekarun 1980, a wani ɗaki na ƙarƙashin coci da kulob yake haya. Har yau in na tuna wurin, hanci ne ke fara tunawa: kofi da ya daɗe a kan wuta har ya yi ɗaci, hayaƙin taba da ya taru a ƙarƙashin rufi, da warin jiƙaƙƙun rigunan sanyi da aka rataye a bakin ƙofa, dusar ƙanƙara tana narkewa daga takalma tana kwarara a daɓe. Sannan hayaniya. Tebur goma sha wani abu, kowanne ana ciniki da murya, har in ba ka yi hankali ba sai ka ji tayin teburin da ke kusa a kan katin da kai ma za ka riƙe nan da rabin sa'a.

A wannan ɗaki na san cewa fas ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake jefowa tun kafin na hannun dama ya rufe baki, mai shi ba shi da ko Jak. Akwai wanda ke fitowa da nishi. Akwai wanda mai shi zai jera katinsa, ya sake ƙirgawa da leɓe, ya ɗaga kai ya dubi rufi, sannan ya ce fas a hankali, kowa a teburin ya san maki 11 ne ko 12, kaɗan ya rage ya buɗe. Wani dattijo kuma in hannunsa ba komai, sai ya haɗe katin ya kifa a tebur ya kunna taba, wato kada a dame shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a wancan zamani fuska a buɗe take, murya ma haka.

Abin da ya fi jan hankalina tun farko shi ne matsayin mutumin da ya riga ya ce fas. Wanda ya raba kati shi ke fara magana. In ya ce fas, ya shaida wa duniya cewa hannunsa bai kai na buɗewa ba, kuma duk abin da zai faɗa daga baya, a ƙarƙashin wannan shaida za a saurare shi. Da bai ce fas ba, in ya ambaci sabon dangi dole abokinsa ya amsa, don ba a san iyakar ƙarfinsa ba. Tun da ya ce fas kuwa, an san iyakarsa, abokinsa yana iya barinsa a inda ya tsaya. Shiru ma magana ce, kuma a birij ba a janye ta.

Daga nan dabarar kujera ta uku ta samo asali. Abokinka ya ce fas, na hannun damanka ya ce fas, kai kuma kana riƙe da maki tara. Ina sauran ƙarfin yake? Yana wajen na huɗu, wanda ke zaune yana jiran layi ya zo kansa ya buɗe cikin kwanciyar hankali. Saboda haka tsofaffin 'yan wasa suke cewa a kujera ta uku ana buɗewa da abin da ya samu. Ka ce 1♠ ko da hannunka bai cika ba: ka tare masa hanya, ka tilasta masa fara magana daga hawa na biyu, ka kuma nuna wa abokinka dangin da zai fara jefowa in abokan hamayya suka ɗauki kwangila. Kujera ta huɗu kuma tana da nata lissafi. In uku sun ce fas, kai ke da ikon rufe cinikin a watsar da kati ba wanda ya ci ba wanda aka ci. Wata tsohuwar malamar makaranta da ta ɗauke ni kamar ɗanta a kulob ɗin ita ta koya mini ƙa'idar: ka haɗa makinka da yawan ♠ da ke hannunka, in sun kai 15 ka buɗe, in ba su kai ba ka bar kaza cikin gashinta, domin mai ♠ shi ke cin ƙaramin ciniki.

Amma dabarar kujera ta uku tana da wanda take cuta, kuma ba abokin hamayya ba ne. A ce ka raba kati ka samu wannan:

♠ K J 4  ♥ 8 3  ♦ A 9 6 2  ♣ K 10 7 5

Maki 11, ka ce fas. Abokinka a kujera ta uku ya ce 1♠. Hannunka ya yi kyau ƙwarai yanzu: kati uku masu kyau a danginsa, ga As, ga Sarki, ga ƙarancin ♥. In abokinka buɗewar gaske ya yi da maki 14, babban lada na nan kusa, kuma in ka ce 2♠ kawai zai ɗauka maki shida ko bakwai gare ka, ya yi shiru, lada ya wuce ku. Tsohon tsari zai sa ka yi tsalle zuwa 3♠. To amma in ga abin da yake riƙe da shi fa?

♠ A Q 10 7 5  ♥ Q 9 4  ♦ 8 3  ♣ J 6 2

Maki tara. Da waɗannan hannaye biyu zagaye takwas za ku ci a mafi yawan lokuta: ♠ biyar, As na ♦, yankan ♥ guda, da ♣ guda. Za ku ba da ♥ biyu, ♦ ɗaya, ♣ biyu. Wato 2♠ ta cika, 3♠ ta faɗi. Ya yi abin da ya dace a kujerarsa, kai ma ka yi abin da ya dace a taka, ku biyu kun haɗu kun jawo wa kanku tara.

Mutumin da ya fi kowa shan wannan wahala, har ya samo mata magani, shi ne Douglas Drury. A shekarun 1950 yana wasa a Toronto tare da Eric Murray, lauya mai son sigari, wanda ya yi suna wajen buɗe ciniki a kujera ta uku da hannun da wani ko kallonsa ba zai sake yi ba. Drury bai tsaya yi masa wa'azi ba, ya san hali zanen dutse ne. Sai ya ware tayi guda, 2♣, ya cire masa ma'anarsa ta asali. Daga wanda ya riga ya ce fas, in abokinsa ya buɗe da 1♥ ko 1♠ a kujera ta uku ko ta huɗu, 2♣ ba ta nufin komai game da ♣. Tambaya ce: ina da goyon bayan danginka da maki goma zuwa sama, buɗewar gaske ka yi ko ta tare hanya? A tsarin farko, in hannun mai buɗewa bai cika ba sai ya ce 2♦, a tsaya a hawa na biyu. 'Yan wasa suna ba da labari cikin raha cewa amfanin da dabarar ta yi wa mutanen biyu shi ne tarar da ake cin su ta sauko daga 1100 zuwa 800. Drury ya rasu a 1967. Murray ya rayu har 2018, kuma sau huɗu yana zuwa na biyu a gasar duniya ta Bermuda Bowl, a 1962, 1966, 1967 da 1974, duk 'yan Italiya suna doke su.

Da tafiya ta yi tafiya aka juya amsar. Yawancin masu amfani da dabarar yanzu, in hannunsu bai cika ba, komawa suke yi kan danginsu, su ce 2♠ ko 2♥, sauran amsoshi kuma su zama na mai ƙarfi. Hikimar a fili take, mai rauni ya isa inda za a tsaya nan take, mai ƙarfi a bar masa fili. Wasu suka ƙara da 2♦, ɗaya ta nuna goyon baya da kati uku, ɗaya da kati huɗu, musamman bayan littafin Larry Cohen na 1992 ya cusa wa mutane ra'ayin da Bafaranshe Jean-René Vernes ya fara bayyanawa, cewa yawan katin dangin da ke sarauta shi ke nuna hawan da ya kamata a kai. Tsalle zuwa sabon dangi daga wanda ya ce fas ya koma nufin yana da wannan dangi kuma yana goyon bayan na abokinsa, don in dogon dangi kawai gare shi da tun farko ya buɗe da shi. Tayin 2 ba sarauta, wato wanda ba a ba kowane dangi sarauta, da Oswald Jacoby ya tsara don nuna hannu mai neman babban lada ya rasa aiki a nan, tunda wanda ya ce fas ba shi da irin wannan hannu. Kusan kowane tayi yana da ma'ana biyu ke nan, ta kafin fas da ta bayansa. A Ingila, inda tsarin Acol ya saba da buɗewa da hannu mara nauyi da dangi mai kati huɗu, dabarar ba ta yi kasuwa kamar a Amurka da Kanada ba.

Kuɗin da ake biya shi ne ka rasa hanyar cewa kana da ♣ na gaskiya. Wani kuɗin kuma mantuwa ce. Ban san wata yarjejeniya da ake mantawa kamar wannan ba, domin tayin iri ɗaya ne da na kullum, abin da ya bambanta shi wani fas ne da aka yi minti guda da ya wuce. Na taɓa zama a teburin da wani dattijo ya buɗe 1♥ a kujera ta uku, matarsa ta ce 2♣, ya dubi katinsa ya ga ♣ uku, ya ce fas yana murmushi. Da ya shimfiɗa katinsa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce masa, "Na gode, maigida." ♣ biyu ne a hannunta, ♥ huɗu. Ba ta sake ce masa uffan ba har aka tashi.

Na daɗe ina ɗaukar waɗannan yarjejeniyoyi a matsayin zaurance, irin wanda 'yan mata ke yi don kada a gane hirarsu. Amma zaurance don ɓoyewa ake yin sa, dokar birij kuwa ta wajabta akasin haka. Doka ta 40 ta ce duk abin da kuka shirya da abokinka, abokan hamayya suna da haƙƙin saninsa. In ya ce 2♣ irin ta Drury, dole ka ja hankalinsu cewa tayin ba na zahiri ba ne, in sun tambaya ka bayyana musu dalla-dalla. Doka ta 16 kuma ta hana ka amfani da abin da ka fahimta daga nishin abokinka, ko jinkirinsa, ko sautin muryarsa.

A nan ne kewar da nake yi wa ɗakin ƙarƙashin coci take cin karo da gaskiya. Kafin Drury, da kuma a teburan da ba su karɓe ta ba, ta yaya ake warware matsalar hannu mai maki 11? Da murya. Wanda ya buɗe da hannu mara nauyi yakan ce 1♠ ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara. Wanda ke da goyon baya mai kyau yakan yi jim kafin ya ce 2♠, ya ɗan danna kalmar, mai rauni kuma ya jefo ta da sauri. Ba wanda ya zauna ya shirya haka da abokinsa, kuma da ka kira ɗayansu macuci da ya yi fushi da gaske. Amma miji da mata da suka shekara talatin suna wasa tare ba su buƙatar 2♣, sun riga sun ji amsar. Baƙo irina, da sabon abokin wasa, shi ke biyan kuɗin wannan sabo. Abin da Drury ya yi shi ne ya ɗauko saƙon daga maƙogwaro ya ɗora shi a kan tebur inda kowa zai gani. Rabin abin da nake kewa, in an bi diddigi, haram ne a dokar wasan.

Zamanin murya kuma ba zamanin lumana ba ne. A watan Satumba na 1929, a Kansas City, Myrtle Bennett ta harbe mijinta John har lahira bayan gardama ta ɓarke a kan kwangilar 4♠ da ya kasa cikawa, ya kuma mare ta a gaban baƙi. Kotu ta sallame ta a 1931. A 1965, a gasar duniya a Buenos Aires, an zargi 'yan Birtaniya biyu, Terence Reese da Boris Schapiro, da nuna wa juna yawan ♥ ta yadda suke riƙe kati da yatsu. Hukumar birij ta duniya ta same su da laifi, binciken da aka yi a Landan kuma ya wanke su, har yau ba a daina musu a kai ba. Akwatin tayi a Suwidin aka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1960, aka yi amfani da shi a gasar duniya ta 1970 a can. A gasar duniya ta 1975 aka kafa allo a tsakiyar tebur, daga kusurwa zuwa kusurwa, don kada abokan wasa su ga fuskar juna. A wannan gasar ce aka zargi 'yan Italiya biyu da taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur, sai aka toshe ƙasan ma. Duk ƙofar da aka rufe, akwai wanda aka kama ko aka zarga yana bi ta cikinta.

Ribar ba ƙarama ba ce. Kurma yana wasa yanzu ba tare da ya ce a maimaita ba. Bajapane da Bafaranshe suna zama tebur guda ba tafinta. Ba a jin tayin teburin maƙwabta. Hayaƙin taba ya tafi, kuma ba na kewarsa ko kaɗan. Cinikin kansa ya fi na da daidai: ɗalibin da ya shekara biyu yana koyo a yau zai tsaya a 2♠ da hannayen nan na sama, inda gwanayen zamanin Culbertson za su faɗi a 3♠.

Abin da ya tafi ya fi wuyar nunawa. Dabarar Drury an ɗinka ta ne daidai jikin mutum ɗaya. Wani ya zauna da abokinsa shekara da shekaru, ya san inda yake zamewa, ya ƙi rabuwa da shi, ya gina masa matakala. Yau ɗan akwati ce a kan takardar yarjejeniya ta ƙungiyar birij ta Arewacin Amurka, ACBL, ka sa mata alama tare da wanda ka haɗu da shi minti biyar kafin a fara. Tana aiki da kowa, don haka ba ta buƙatar ka san kowa. Malamar nan da ta koya mini ba ta yarda da ita ba sam. Takan ce in ba ka san lokacin da abokinka ke buɗewa da iska ba, ba ku daɗe tare ba ne, ku ƙara zama. Na san yanzu cewa wani ɓangare na saninta daga kunne yake zuwa. Amma ba duka ba. Ta san wanda ke yin ganganci in an ci shi a hannun baya, da wanda ke tsorata in ya ga gwanaye a teburinsa, da wanda ba ya buɗewa da ƙasa da 13 ko da sama za ta faɗo. Doka ta yarda da irin wannan sani muddin za ka faɗa wa abokan hamayya in sun tambaya, sai dai ba ya samuwa sai da shekaru, da rakiya zuwa tashar bas cikin sanyi ana ta maimaita hannu na goma sha bakwai.

Yarjejeniyoyin kuma sun yi yawa har sun zama katanga. A zamanin Goren maƙwabci yana iya shigowa a koya masa 4, 3, 2, 1 da yamma ɗaya, a zauna. Yanzu manyan 'yan wasa suna da bayanan tsari na ɗaruruwan shafuka, sabon shiga kuma tun a makon farko yake jin ana kiran sunayen Stayman da Blackwood da Jacoby da Drury. Ba zan ɗora wa wannan laifin tsufan wasan shi kaɗai ba, talabijin da sauyin zaman gida sun riga shi yin ɓarna. Amma matsakaicin shekarun 'yan ACBL ya kai wajen saba'in, kuma a 2015 jaridar New York Times ta rufe filinta na birij bayan shekara 80, filin da Alan Truscott ya riƙe daga 1964 har rasuwarsa a 2005.

Akwai ma waɗanda suka taɓa fas ɗin kansa. A Folan, tun shekarun 1960, Łukasz Sławiński da abokansa suka yi lissafi cewa hannu mai maki takwas zuwa 12 shi ya fi zuwa, don haka shi ya kamata ya riƙa buɗe ciniki. Mai maki 13 zuwa sama shi zai ce fas, abokinsa kuma dole ya yi magana. Mai hannun banza ma yana da nasa tayin. A wannan tsari wanda ya riga ya ce fas shi ne mai ƙarfin teburin, duk abin da na bayyana a sama ya kife. 'Yan wasan Ostareliya da New Zealand sun kai shi manyan gasa a shekarun 1980. Hukumar duniya ta sa shi cikin tsare-tsaren da ta kira baƙi ƙwarai, ta taƙaita shi ga wasu 'yan gasa kaɗan, har ya kusa ɓacewa. Dalilin da aka bayar shi ne abokan hamayya ba su da lokacin shirya masa. Ina ganin akwai gaskiya a ciki, ina kuma ganin an ji tsoron a wayi gari fas ya daina nufin abin da kowa ya tashi ya tarar yana nufi.

Fred Gitelman, shi ma mutumin Toronto, ya buɗe dandalin Bridge Base Online a 2001, kuma da annobar korona ta rufe kulob-kulob a 2020 kusan kowa can ya koma. A can kai kake bayyana tayinka da kanka, bayanin ya fito wa abokan hamayya, abokinka ba ya gani, wanda ya fi tsarin tebur tsabta. Amma a shekarar ce wasu fitattun 'yan wasa suka amsa da bakinsu cewa suna leƙen katin kowa ta wata na'ura ta biyu. In ba ka da abokin wasa, kwamfuta za ta zauna maka. Ita ma tana amfani da Drury, irin wadda aka juya, ba ta mantawa, kuma tambaya ɗaya take yi wa mai ganganci da mai tsoro. A watan Maris na 2022, a birnin Faris, wata manhaja mai suna NooK ta doke zakarun duniya takwas. An yi ta yayata labarin, amma a wannan gwaji ba a yi ciniki ba. An tsayar da kwangila tun farko, jefa kati kawai aka gwada.

Wani sauyin ya zo ta inda ba a zata ba. Gwanayen yau ba sa jiran kujera ta uku. Tun da Jeff Meckstroth da Eric Rodwell suka yi ta cin gasa da buɗewa da maki 11, wani lokaci goma, a kowace kujera, iyakar buɗewa ta yi ta sauka, har ƙa'idar 20 ta Marty Bergen ta koya wa 'yan kulob su haɗa makinsu da tsawon danginsu biyu su buɗe. Halin da ake yi wa Murray dariya a kai ya zama na kowa. Hannun nan mai maki 11, da As da Sarki biyu, da yawa daga cikin matasan gwanaye ba za su ce fas da shi ba tun farko. Saboda haka wanda ya riga ya ce fas a yau ya fi na zamanin Drury talauci, kuma abokan wasa da dama sun sauko da 2♣ ɗinsu zuwa maki tara, wasu takwas in akwai kati huɗu na goyon baya. Gardamar da ake yi yanzu a kan teburin shayi bayan wasa ita ce wanne zai nuna kati huɗun, 2♣ ko 2♦, da kuma ko dabarar tana nan in na huɗu ya tsoma baki da ninki.